Yadda wasan Final Fantasy ya ɗaga darajar PlayStation

A shagunan wasan bidiyo na unguwanni irin su Abbaganaram da ke Maiduguri, ƙwallon ƙafa matasa suka fi bugawa a PlayStation. Sai dai wani wasan labari na Japan, Final Fantasy, yana cikin waɗanda suka fito da sunan na'urar a duniya.

Kashi shida na farkon wasan, tun daga 1987, a na'urorin Nintendo suka fito. A 1997 kamfanin Square ya kai kashi na bakwai PlayStation, domin faifan CD ya fi kaset ɗin Nintendo ɗaukar hotuna. An sayar da kwafi sama da miliyan 10, adadin da na baya ba su kusanta ba.

Abokin hamayyarsa Dragon Quest ya bi sahu a 2000, amma akasarin cinikinsa a cikin Japan ya tsaya.