WANE KIFI ZAI ZAUNA DA WANE?

Duk wanda ya zaga cikin Dogarawa a 'yan shekarun nan, ko Samaru, ko lungunan Sabon Gari, zai ga abin da iyayenmu ba su saba gani ba. A bayan gida, kusa da akurkin kaji, ga kwarmin siminti ko babbar roba cike da tarwada. Waɗansu magidanta sun soma kiwon ne bayan sun ajiye aikin gwamnati. Waɗansu kuwa matan Zumunta ne suka haɗa kuɗi domin su sami na makarantar yara. Su ma yaran da nasu buri dabam: sun ga kifaye masu launi iri iri cikin akwatin gilashi a talabijin ko a waya, sun dami baba sai ya saya musu. Ko kiwon na ci ne ko na kallo, akwai tambayar da ya kamata a amsa tun kuɗi yana aljihu, watau wane kifi zai iya zama da wane cikin ruwa guda. Gidaje da yawa sun zuba 'ya'yan kifi ɗari biyar, ranar kwasa suka tarar da abin da bai kai rabi ba, alhali ba ɓarawo, ba ciwo. Kifayen ne suka cinye juna.

Littafin Farawa ya gaya mana a rana ta biyar Allah ya halicci masu rai na cikin ruwa, kowane da irinsa. Kowane iri kuwa da halinsa, da abincinsa, da wurin da ya dace da shi. Sa'ad da mutum ya ɗauko su ya kulle cikin ɗan ƙaramin wuri, ya ɗauki nauyin ransu ke nan, gama a kogi mai rauni ya kan gudu, amma a cikin kwarmi ba wurin gudu.

KIFAYEN TEKU CIKIN GILASHI

Bari mu fara da na gilashin, tun da shi ya fi ɗaukar ido. Kifayen nan masu ja da shuɗi da rawaya galibinsu 'yan teku ne, daga wuraren da murjani ya ke, kamar Bahar Maliya, da Tekun Indiya, da gaɓar Ostareliya inda jerin murjani ya miƙe har wajen kilomita 2,300. Murjanin da ka ke gani kamar dutse ko reshen itace, mai rai ne. Ƙananan halittu ne dubbai su ke zaune a haɗe, suna bukatar haske mai ƙarfi da ruwa mai tsabta ƙwarai. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri wajen giram 35. Gishirin miya ba ya yin wannan aiki. Akwai wani na musamman da a ke haɗawa a ƙasashen waje, mai ɗauke da sinadaran da murjani ya ke gina jikinsa da su. Zafin ruwan kuma dole ya tsaya tsakanin awo 24 da 27 dare da rana.

Masu wannan kiwo su kan fara duba baki. Duk kifin da zai shiga bakin wani, wata rana zai shiga. Akwai wanda a ke kira kifin zaki, mai geza da ƙayoyi masu dafi. Yana da kyaun gani, yana tafiya a hankali kamar ba ruwansa, amma ya kan haɗiye ƙananan kifaye da jatan lande ɗungum. Bayan baki sai rigimar wuri. Wani ɗan mitsitsin kifi mai suna damsil bai wuce tsawon yatsa ba, ga araha, ga jimiri, saboda haka sabon shiga ya kan fara da shi. Da ya zaɓi ramin dutse ɗaya, shi ke nan, duk wanda aka kawo bayansa zai sha kora da cizo har ya daina fitowa cin abinci. Abin mamaki, kifaye masu kama ɗaya da launi ɗaya sun fi yin faɗa, domin kowane yana ganin ɗan'uwansa kishiya ne a kan abinci da makwanci.

Wanda yara su ke kira Nemo, tun fim ɗin da ya fito a 2003, yana da nasa tsari mai ban mamaki. Dukansu ba mace su ke fara rayuwa ba. Wanda ya fi girma da ƙarfi cikin garke shi ya kan juye ya zama mace, na biye da shi ya zama mijinta. Don haka a kan sayi ƙanana biyu kawai, a bar su su daidaita tsakaninsu. In aka ƙara na uku da na huɗu cikin ƙaramin akwati, ma'auratan su kan taru su hallaka su. Akwai kuma waɗanda ba su taɓa maƙwabci ba, amma su kan cinye gidan kansa. Kifin malam-buɗe-littafi ya kan tsattsaga murjani, talibamban na teku kuwa ya kan farfasa dodon koɗi da jatan lande waɗanda aka sa domin share ƙazanta.

Ga haƙuri kuma. Ba a sa kifi ranar da aka cika akwati. Sai an jira mako 4 zuwa 6, har ƙwayoyin halitta masu amfani su yaɗu cikin duwatsu, gama su ne su ke narkar da gubar da ke fita daga kashin kifi. Bayan haka a fara da masu sanyin hali, kamar gobi, a bar mafaɗata su zo daga ƙarshe, sa'ad da kowa ya riga ya kama wurinsa. Sabon kifi kuma a kan ware shi cikin wani akwati na 'yan makonni, kada ya kawo wa na gida ciwo.

To, mai karatu, ga ra'ayinmu a fili: wannan kiwo bai dace da yawancin gidajenmu na Zariya ba. Injin da ke juya ruwan ba ya son tsayawa, in kuwa wuta ta ɗauke na dare ɗaya, da safe sai a kwashe gawa. Cikin hunturu, a watan Disamba da Janairu, sanyin dare ya kan sauka ƙasa da awo 15, a watan Afrilu kuma zafi ya wuce 35. Teku tana nesa da mu tafiyar yini guda cur a mota, ko a can ma ba a samun irin wannan murjani, sai an yi odarsa daga waje. Kuɗin da za a kashe ya isa biyan makarantar yaro. Uban da ya ke so ya faranta wa 'ya'yansa rai, ya nemi ƙaramin akwati na ruwan daɗi. 'Yan kifayen gofi suna zama lafiya da juna, suna haihuwa a gaban idon yara, har su kan cinye tsutsar sauro. Jan kifin nan na zinariya ya fi son ruwa mai sanyi, a bar shi da 'yan'uwansa. Kifin faɗa na ƙasar Tailan kuwa, kada a taɓa haɗa maza biyu. In ruwan famfo ne, a bar shi ya kwana biyu a buɗe kafin a zuba, domin maganin da a ke sa masa ya fita. (Mutane da yawa ba su sani ba, daga kogunan Nijeriya a ke kai wa Turawa waɗansu kifayen kallo, kamar mai dogon baki irin haɓar giwa, suna biya da tsada.)

NAMU NA GIDA

Yanzu mu zo kan kwarmin bayan gida, inda jarin iyali ya ke. Kifaye biyu ne suka fi yawa a hannun masu kiwo, tarwada da karfasa, wadda waɗansu ke kira gargaza.

Karfasa tana da tarihin da zai faranta wa Kirista rai. Akwai irinta a Tekun Galili, inda Bitrus da Andarawas suka yi su, har yau kuwa masu kai ziyara can a kan soya musu ita da sunan kifin Bitrus. Wannan iri ɗin yana nan a tafkin Kainji. Kifi ce mai cin ganye da gansakuka da dusa, ba ta damun kowa. Aibinta ɗaya ne, yawan haihuwa. Cikin kududdufi ta kan fara ƙwai tun tana 'yar wata huɗu ko biyar, uwar kuma ta ɓoye 'ya'yan cikin bakinta har su yi wayo, don haka kaɗan ne su ke mutuwa. Kafin shekara ruwan ya cika maƙil da ƙanana, abinci bai ishe su ba, ba wanda ya girma. Mai gida ya ciyar wata tara, ya kwashe kwando guda na kifaye kamar tafin hannun jariri, waɗanda ba mai saye a kasuwar Sabon Gari sai da wulakanci.

Tarwada kuwa halinta dabam. Tana da wata gaɓa a bayan kai wadda ta ke shaƙar iska da ita, shi ya sa ta kan rayu cikin ruwan da zai kashe wani kifi, shi ya sa kuma a ke iya tara ta da yawa cikin siminti ko roba. Tana cin kome, har da 'yan'uwanta. Cikin 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe rana ɗaya, waɗansu kan yi saurin girma su ninka sauran, daga nan sai su koma cin ƙannensu da dare. Wannan shi ne ɓarawon da mai gida ya ke nema a waje. Maganinsa tacewa: kowane mako biyu a watannin farko a kwashe su, a ware manya dabam, matsakaita dabam, ƙanana dabam. Wanda ba shi da wuri na biyu da zai zuba waɗanda ya ware, bai shirya kiwon tarwada ba tukuna. A kuma ba su abinci a kan lokaci, gama yunwa ita ke ƙara musu wannan hali. Haka ramboshi ya ke, da barbarar da a ke yi tsakaninsa da tarwada, sai ma abin da ya fi, tun da ya fi ta girma.

Ga hikimar Mahalicci a nan: aibin wannan shi ne maganin aibin waccan. In kududdufin ƙasa ne mai faɗi, a kan haɗa su biyu. Tarwada ta riƙa cinye 'ya'yan karfasa, iyayen su sami wuri da abinci su girma, ita ma ta yi ƙiba ba tare da an kashe kuɗi da yawa ba. Amma sai an bi ƙa'ida. A fara zuba karfasa, a bar ta ta yi girman da ba za ta shiga bakin tarwada ba, sa'an nan a kawo tarwada ƙanana, kuma kada yawansu ya kai na karfasa. In aka juya wannan tsari, an saya wa tarwada abinci mai tsada ke nan. A ƙaramin kwarmin siminti kuwa kada a gwada haɗin sam, domin ruwan tarwada ya kan yi kauri, karfasa kuma ba ta iya shaƙar iskar sama. Da asuba za ka gan ta tana haki a bisa ruwa, kafin rana ta ɗaga ta juya ciki. Game da yawan da za a zuba na kowane iri, ya danganta ga faɗin wuri da zurfinsa. Mu da ke kusa da Samaru mun yi sa'a, ga Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, da ma'aikatan faɗakar da manoma a ƙofar gidanmu. A je a tambaya kafin a saya.

Bargi ma maƙwabcin kirki ne a kududdufin ƙasa. Ƙananan halittun ruwa da na cikin laka ya ke tacewa ya ci, da damina kuma ya yi sheƙa da ciyawa kamar tsuntsu. Sai dai yana son wuri mai faɗi, ya kan kuma yi tsalle.

Akwai waɗanda yara kan kamo a rafin Kubanni ko kogin Galma, ko wani ya kawo tsaraba daga wajen masunta, a ce bari a jefa cikin kwarmi ya girma. A kula ƙwarai. Tsage haƙoransa a waje su ke. Tufi ya kan laɓe ya yi kwanto. Gaiwa tana cizo, minjirya kuwa wutar jikinta ta kan girgiza babban mutum, balle kifi. Har yauni, wanda a ke kira ɗan sarki, da daɗin namansa da tsadarsa, maci kifi ne. Hausawa sun ce zama lafiya ya fi zama ɗan sarki, a kwarmin kifi ma haka abin ya ke. Ban da wannan, kifin daji ya kan shigo da ƙwari da ciwo.

Giwan ruwa shi ne babbansu. Galibin kifayen da a ke cin gasa da su a Argungu shi ne, wanda ya zo na ɗaya a bikin 2020 kuwa ya kai kilo 78. Labarinsa a Gabashin Afirka abin tsoro ne. Cikin shekarun 1950 aka zuba shi a Tafkin Biktoriya, wanda Uganda da Kenya da Tanzaniya su ke tarayya a kai, da nufin masunta su sami babban kifi. Zuwa shekarun 1980 ya mamaye tafkin. Cikin ire-iren ƙananan kifaye wajen 500 da ba a samunsu ko'ina a duniya sai can, masana sun ƙiyasta kusan 200 sun ɓace. Kifin zaki ma haka ya yi a Amurka. An fara ganinsa a gaɓar Fulorida a 1985, a na kuma zaton masu kiwon gilashi ne suka sake shi. Daga baya ya bazu ko'ina cikin tekun Karibiyan yana cin 'yan gida. Saboda haka wanda ya gaji da kifinsa, na ci ne ko na kallo, kada ya kai shi Kubanni ko Galma ya sake. Ya ba maƙwabcin da ke kiwo, ko ya mayar wa wanda ya sayar masa. In na ci ne kuwa, uwargida ta ɗora tukunya.