Wayar Salula A Aljihun Soja: Tsakanin Sada Zumunta Da Tona Asirin Sansani

A watan Nuwamban 2017, kamfanin Strava na Amurka, wanda manhajarsa ke ƙididdige tafiyar masu motsa jiki, ya wallafa taswirar duniya mai nuna hanyoyin da mutane suka bi suna gudu ko tuƙa keke. A watan Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan ƙasar Ostireliya, Nathan Ruser, ya lura da abin da ya kuɓuce wa manyan hafsoshi. A tsakiyar hamadar Siriya da Iraƙi da kwazazzaban Afganistan, inda taswirar ta yi baƙi ƙirin, akwai wasu 'yan zobba masu haske. Sojojin Amurka da na ƙawayenta ne suka zana su da ƙafafunsu, suna zagaya sansanoninsu da gudun safe, agogo a hannu, waya a aljihu. Babu wanda ya ci amanar ƙasa a cikinsu, amma sun nuna wa duniya inda suke kwana. A watan Agustan wannan shekara ma'aikatar tsaron Amurka ta hana dakarunta kunna na'urar nuna wuri a fagen daga.

Wannan labari ya isa ya sa mai karatu ya ce a ƙwace waya daga hannun kowane soja a huta. Sai dai kafin a yanke wannan hukunci, ya kamata a auna abin da za a rasa.

Soja ɗan Adam ne, yana da uwa da mata da 'ya'ya. Wanda aka tura dajin Sambisa ko gaɓar Tafkin Chadi ya shafe watanni bai ga gida ba, muryar 'yarsa a WhatsApp tana yi masa abin da alawus ba zai yi ba. Da can ana cewa zumunta a ƙafa take. Ga mutumin da ƙafarsa ke ɗaure da umarni, wayar ce ta zame masa ƙafa. Kwanciyar hankalin mayaƙi kuwa wani ɓangare ne na ƙarfin runduna, domin wanda zuciyarsa ke gida cikin zulumi ba zai tsaya gadi da natsuwa ba. Hukumomin sojan Amurka sun gane haka: rundunar sojan kundumbala ta ruwa ta haramta shafukan sada zumunta a kwamfutocinta a 2009, amma a farkon 2010 ma'aikatar tsaro ta buɗe ƙofar ga dukkan rundunoni bisa sharuɗɗa.

Amfani na biyu shi ne yaƙin labari. 'Yan ta'adda sun daɗe da fahimtar cewa bidiyo guda yana iya karya gwiwar gari kafin a harba harsashi. Ƙungiyar IS ta yi haka gabanin kama Mosul a 2014, Boko Haram ma ta yi shekaru tana tsorata jama'a da faifan Abubakar Shekau. Rundunar da ta ƙaurace wa wannan fage ta bar wa abokin gaba filin ne ya yi kiɗansa ya yi rawarsa. A ranar 25 ga Fabrairun 2022, kwana guda bayan Rasha ta afka wa Yukren, ana ta raɗe-raɗin Shugaba Zelensky ya tsere. Ya fito titin Kiev da muƙarrabansa ya ɗauki gajeren bidiyo da wayarsa, jita-jitar ta mutu nan take. Haka nan shafukan rundunar sojan Nijeriya kan sanar da lokacin ɗaukar sababbin kurata, su kuma gargaɗi matasa game da 'yan damfarar da ke sayar da guraben ƙarya.

To, ta ina ɓarnar ke shigowa? Hanya ta farko ita ce hoton kansa. Wayar zamani kan liƙa wa hoto bayanin daidai wurin da aka ɗauke shi, ko da mai ita bai sani ba. Rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta bayyana cewa a 2007, da sababbin jirage masu saukar ungulu suka isa wani sansani a Iraƙi, sojoji suka ɗauki hotunansu suka ɗora a intanet. Maƙiya suka ciro bayanin wurin daga hotunan, suka yi luguden wuta, suka lalata jirage huɗu samfurin Apache. Ko an goge wannan bayani, tsauni ko hasumiya ko allon kan hanya da ya fito a bayan mutum ya ishi mai ido ya gane wurin. Da irin wannan bin diddigi ne masu binciken Bellingcat suka yi amfani da hotunan da sojojin Rasha suka ɗora a shafin VKontakte, suka danganta makamin da ya kakkaɓo jirgin fasinjan Malesiya, MH17, a 2014 da wata birged da ke birnin Kursk. Ba mamaki a 2019 majalisar Rasha ta yi dokar hana sojoji riƙe manyan wayoyi a bakin aiki.

Hanya ta biyu ita ce sakin baki. A watan Maris na 2010 sojan Isra'ila suka fasa wani samame a Yammacin Kogin Jodan, saboda wani soja ya rubuta rana da sunan ƙauyen a Facebook. Magana zarar bunu ce, a intanet kuwa ba ta ma da ranar komawa. Ta uku ita ce yaudara: shafin bogi mai hoton kyakkyawar budurwa, hira mai daɗi, sai a turo manhajar da za ta mayar da wayar ɗan leƙen asiri. Wata cibiyar ƙungiyar NATO da ke birnin Riga ta jarraba wannan dabara a kan sojojin ƙawance a lokacin wani atisaye. Da kuɗin da bai wuce Dala 60 ba, masu binciken suka gano mahalarta da dama, har suka sa wasu suka bar wuraren da aka ajiye su. Ta huɗu ita ce siginar wayar kanta. Bayan harin da aka kai wa sojojin Rasha a Makiivka a daren shiga shekarar 2023, ma'aikatar tsaron ƙasar ta amsa mutuwar mutum 89, ta kuma ɗora laifin a kan yawan kunna wayoyi.

Kada a ɗauka kuskuren na ƙananan sojoji ne kawai. A watan Maris na 2025 aka saka editan mujallar The Atlantic, Jeffrey Goldberg, bisa kuskure cikin wani zauren Signal inda manyan jami'an tsaron Amurka, har da ministan tsaro Pete Hegseth, ke tattauna lokacin kai hari kan 'yan Husi a Yaman. Dokar da ta tsaya kan kurtu ta tsallake janar ba za ta yi tasiri ba.

A nan gida, hedikwatar tsaro ta fitar da ƙa'idojin amfani da shafukan sada zumunta tun 2018, amma matsalarmu tana da wata fuska ta daban. Yawancin bidiyoyin da suka tayar da ƙura na koke ne: ƙarancin makamai, jinkirin alawus, daɗewa a daji ba canji. An ga haka bayan harin Metele na Nuwamban 2018. An sake gani a 2020, sa'ad da bidiyon kwamandan rundunar Lafiya Dole, Manjo Janar Olusegun Adeniyi, yana bayanin halin da dakarunsa ke ciki ya bazu, aka cire shi, kotun soja kuma ta hukunta shi. Gaskiya ne irin wannan faifai kyauta ce ga abokin gaba, domin yana nuna masa inda rauni yake. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sojan da ya tabbata kukansa zai isa sama ta hanyar cikin gida, a share masa hawaye ba tare da bi-ta-da-ƙulli ba, ba shi da dalilin kai ƙara gaban duniya.

Saboda haka, hani na baki ɗaya, irin wanda Indiya ta yi a 2020 da ta umarci sojojinta su goge manhajoji 89, yana iya rage ɓarna amma ba zai kawar da ita ba. Wayar kan koma ɓoye ne, inda ba mai sa ido. Abin da ya fi shi ne a koyar da tsaron waya tun daga Defot ta Zariya da Makarantar Horar da Hafsoshi ta Kaduna, kamar yadda ake koyar da kwance bindiga da ɗaura ta. A tattara wayoyi kafin fita aiki, a tanadi lokaci da amintacciyar hanyar kiran gida bayan an dawo, a gyara hanyar koke, hukunci kuma ya hau kan kowa daidai.

Mu farar hula ma muna da namu kason. Matar da ta rubuta cewa maigida ya tashi zuwa gari kaza gobe, da matashin da ya ɗauki ayarin motocin soja a kan hanya ya watsa nan take don neman mabiya, duk suna iya jefa rayuka cikin haɗari da kyakkyawar niyya. 'Yan bindigar Zamfara da mayaƙan ISWAP su ma suna riƙe da waya, suna karanta abin da muke rubutawa. Kafin ɗan yatsa ya danna, mutum ya tambayi kansa wa zai amfana da wannan labari idan ya fita yanzu.

Allah Ya kare dakarunmu, Ya mayar da su ga iyalansu lafiya.