Mota Mai Ruwa Biyu Da Hayaƙin Birnin Zazzau

Duk wanda ya shiga birnin Zariya ta Ƙofar Doka ran Juma'a, ya nufi Babban Dodo har zuwa Ƙofar Fada, ya san tafiyar ba ta sauri ba ce. Magabatan da suka kewaye garin da ganuwa, hanyar doki da jaki da mai tafiya ƙasa suka bari. Yau kuwa mota ce da babur da keke mai ƙafa uku ke gogayya a cikinta, a matsa taku goma a tsaya, inji na ta ci, hayaƙi na ta fita. Bakin salansar mota kuwa daidai yake da hancin almajirin da ke zaune a ƙofar zaure da allonsa, da na ɗan tireda da ke wuni a bakin hanya.

To, akwai wata irin mota da masu ita ke kira haibirid, watau mai ruwa biyu, gama inji biyu gare ta, na fetur da na lantarki. Kamfanin Toyota na ƙasar Japan ne ya fara ƙera ta da yawa don sayarwa a 1997, ya sa mata suna Prius. Hikimar da ke cikinta ita ce, in an tsaya injin fetur kan mutu da kansa, in za a tashi a hankali na lantarki ya ja ta. Sa'an nan duk sa'ad da direba ya taka birki, ƙarfin gudun nan da ke zama zafi ya ɓace a sauran motoci, ita sai ta mai da wani kaso nasa lantarki ta zuba a batir. Saboda haka irin wannan ba ta jiran wutar NEPA, ba kuwa a jona ta da bango, abin da ba ƙaramar fa'ida ba ne a garin da ya san halin wuta.

'Yan kasuwa dai lissafi suke so, ga shi. Hukumar kula da muhalli ta Amurka na fitar da awon shan man motoci. Bisa ga awonta, Corolla ƙirar 2010 takan sha wajen lita 9 a tafiyar kilomita 100 cikin gari, Prius ta shekarar nan kuwa ba ta kai lita 5 ba. Kowace lita ta fetur in ta ƙone tana sakin kimanin kilo 2.3 na iskar nan da ake kira kabon dayokzaid, wadda taruwarta a sama ke ƙara wa duniya zafi, damina ta rikice wa manomi. Ashe ke nan kowane kilomita 100 an rage wajen kilo 9, ban da kuɗin lita 4 da suka tsira a aljihu. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare ran 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kowa ya koyi ƙirga lita.

Amma fa a buɗaɗɗiyar hanya, kamar ta Kano ko ta Kaduna, ratar takan ragu, domin can Corolla wajen lita 7 take sha. Ribar mai ruwa biyu a cunkoso take, watau cikin ganuwa, inda tsayawa ta fi tafiya yawa.

Kada kuma a ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Ƙurar hunturu ba daga salansa take ba, haka hayaƙin janareta da na itacen girki da na babura, waɗanda a lungunan Kwarbai da Limancin Kona sun fi mota yawa nesa ba kusa ba.

Mai niyyar saye ya lura da batir. Galibin motocin da ke zuwa Arewa na hannu ne, sun sha tafiya a Turai ko Amurka. Lamunin da Toyota ke bayarwa a kan batirin a Amurka shekara 8 ne, daga ƙirar 2020 aka mai da shi 10, don haka tsohuwar mota ta riga ta fita daga ciki. Batirin ba ya son zafi, kuma ƙaramar fankar da ke sanyaya shi ƙura na toshe ta, sai an riƙa sharewa. In ya raunana injin fetur ke ɗaukar aikin, shan mai ya ƙaru. Wutar da ke cikinsa ta haura bolt 200, tana iya kisa, ba aikin kowane bakanike ba ne. In ya mutu kuma ba a yar da shi a juji ko a kududdufi inda yara ke wasa.

Akwai kuma shirunta. In tana tafiya da lantarki kusan ba a jin motsinta, har ƙasashen Tarayyar Turai suka wajabta tun 2019 a sa wa sababbin ƙira wata ƙara da za ta faɗakar da masu tafiya ƙasa. Tsofaffin da ake kawowa nan da yawa ba su da ita. A lungun da makaho ke bin bango da sandarsa, yara kuma na fitowa daga zaure a guje, sai direba ya rage gudu ya riƙa danna ham.