DAGA INKIL ZUWA YANKARI: DAJIN DA AKE TSARO DOMIN JAMA'A

Duk wanda ya fita daga birnin Bauchi ta hanyar Gombe, ba zai yi nisa ba sai ya iske Inkil. A da ƙauye ne mai zaman kansa a gabas da birni, amma yanzu gine-gine sun miƙe har sun kusa haɗe shi da gari. Masana tarihin ƙasar Bauchi sun san shi sarai, domin a nan ne Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya yi sansani kafin ya kafa birnin Bauchi a cikin 1809.

Mazauna Inkil na yau kuwa sun saba da ganin wani irin ayari dabam. Da zarar rani ya kama, musamman a lokacin hutun Salla ko na Kirsimeti, sai a riƙa ganin motoci cike da 'yan makaranta, da na iyalai daga Jos da Kano da Abuja, har da na baƙi daga ƙasashen waje, suna ratsa garin sun nufi gabas. Da yawa daga cikinsu Gandun Dajin Yankari suka dosa. Abin mamaki shi ne, akwai mutanen Bauchi da dama waɗanda aka haifa a bakin wannan hanya, suka girma har suka yi furfura, ba su taɓa sa ƙafa a Yankari ba, alhali kuwa tafiyar ba ta wuce kimanin kilomita 110 ba.

Dalilin haka ba boyayye ba ne. A al'adar Bahaushe, daji wurin nema ne: a je itace, a je farauta, a je kiwo, ko a je saƙar magani. Idan mutum ya ce zai biya kuɗi ya shiga daji domin kallo da shan iska kawai, sai a ɗauke shi mai ɓarnar dukiya, ko a ce ya kwaikwayi Turawa. To, amma abin da ya faru ga waɗansu dazuzzukan Arewa a 'yan shekarun nan ya nuna cewa wannan ziyara tana da amfanin da ya zarce shaƙatawa.

ASALIN GANDUN

A cikin 1956 ne Gwamnatin Jihar Arewa ta amince da keɓe wannan daji domin kare namun da ke cikinsa, aka sa shi a ƙarƙashin En'e ta Bauchi. Bayan an fitar da hanyoyi an gina masaukin baƙi, sai aka buɗe shi ga jama'a ran 1 ga watan Disamba, 1962. Daga nan ya koma hannun Jihar Arewa maso Gabas da aka ƙirƙiro a 1967, sa'an nan Jihar Bauchi ta gaje shi a 1976. A cikin 1991 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi ta mai da shi gandun daji na ƙasa, kana a 2006 aka mayar wa Jihar Bauchi da abinta.

Dajin yana cikin Ƙaramar Hukumar Alkaleri, faɗinsa kuwa murabba'in kilomita 2,244 ne, watau ya haura rabin faɗin Jihar Legas. Ba a noma a cikinsa, ba a kiwo, ba a farauta, ba a saran itace. Wannan doka ita ce ta sa har yanzu ake iya ganin irin dajin da kakanni suka sani, mai kawo da marke da taura da tsamiya da kuka, da ciyawar gamba wadda takan shanye mutum a tsaye da kaka.

Wannan dabara ta keɓe daji domin jama'a ba a Nijeriya ta faro ba. Amurka ta keɓe dajin Yellowstone tun 1872, Kenya kuma ta buɗe na Nairobi a 1946, kuma a yau kuɗin da masu buɗe ido ke kashewa yana cikin manyan hanyoyin samun kuɗin shiga na ƙasar Kenya.

HANYA DA MASAUKI

Daga Inkil matafiyi zai bi titin Gombe har Dindima, inda gada ta haye kogin Gongola. A nan ne hanyar Yankari ta rabu, ta yi kudu har ƙauyen Mainamaji, inda babbar ƙofar gandun take. A ƙofa akan rubuta sunan baƙo da lambar motarsa, ya biya kuɗin shiga. Daga ƙofa kuma da sauran tafiyar kimanin kilomita 43 a cikin daji kafin a kai sansanin Wikki, inda ɗakunan kwana da wurin cin abinci suke. Lalle ne direba ya rage gudu a wannan hanya, domin dabba tana iya ratsowa a kowane lokaci.

Masu fara tarbar baƙo a Wikki su ne gwaggon birai. Sun saba da mutane ƙwarai, har sun san jakar da ke ɗauke da abinci. Wanda ya bar tagar mota ko ƙofar ɗaki a buɗe, to, ya yi sadaka da guzurinsa. Haka kuma mugun dawa, watau gadu, yakan yi kiwonsa a tsakanin ɗakuna ba tare da ya kula da kowa ba. A sansanin akwai ɗan gidan ajiye kayan tarihi, inda aka tara fatu da ƙasusuwan dabbobi da hauren giwa, tare da bindigogi da tarkunan da aka ƙwace daga hannun mafarauta. Ya kamata baƙo ya fara da wannan gida, domin a nan zai gane cewa ba a banza dabbobin da zai gani suka tsira ba.

RUWAN WIKKI

Ƙasa kaɗan da sansanin akwai maɓuɓɓugar da ta ba wurin sunansa. Ruwan Wikki yana fitowa ne daga ƙarƙashin wani dutse, garai-garai, har mutum yana hango yashin da ke ƙasansa. Ɗuminsa kusan digiri 31 ne a ma'aunin zafi, dare da rana, da ɗari da bazara, ba ya sakewa. An ƙiyasta cewa yana fitar da lita miliyan 21 a kowace rana, ya kwarara zuwa kogin Gaji. Da sanyin hunturu mutum yakan shiga ya ji kamar an sirka masa ruwan wanka. Ban da Wikki akwai waɗansu maɓuɓɓugan ɗumi a cikin dajin, kamar Dimil da Gwan da Nawulgo.

Kogin Gaji shi ne ran Yankari. Da damina ruwa yana ko'ina, ciyawa ta yi tsawo, dabbobi sun warwatsu, ganinsu sai an sha wuya. Amma daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, idan tafkuna suka ƙafe ciyawa ta kwanta, sai ƙishirwa ta tattaro su zuwa fadamar Gaji. Saboda haka ne masu gandun suke fita da baƙi da sassafe da kuma la'asar sakaliya, lokacin da dabbobi ke zuwa shan ruwa. Wanda ya taki sa'a zai ga garken ɓauna, da gwanki, da kanki, da gwambaza, da mazo, da dorina da kada a cikin ruwa. Tsuntsaye kuwa an ƙidaya fiye da iri 350, tun daga burtu da zabin daji har zuwa waɗanda ke ƙetaro hamada daga Turai domin gudun sanyi.

Ba a shiga daji sai da ɗan jagora, kuma ba a sauka daga mota sai ya ba da izini. Ba a hura wuta, ba a yar da leda ko kwalba, ba a ihu ko jifan dabba. Mai ziyara ya riƙi ruwan sha, ya sa riga mai dogon hannu saboda ƙudan tsando, sa'an nan ya riƙi haƙuri, domin nan ba gidan zu ba ne da ake kulle dabba a keji tana jiran mai kallo. Wani yakan yi kwana biyu bai ga giwa ba, wani kuwa ya gamu da garke guda tun fitar farko.

SAWUN MUTANEN DA

Dajin da ake gani ba kowa a yau, a da akwai mutane a cikinsa. Akwai koguna 59 da aka sassaƙa a jikin dutse, waɗanda ake kira Kogunan Marshall da sunan mai binciken da ya bayyana su a 1980. Akwai Rijiyoyin Dukkey guda 139, masu haɗe da juna ta ƙarƙashin ƙasa, waɗanda ake dangantawa da zangon fatake na zamanin cinikin bayi. A wurin da ake kira Shaushau kuma har yanzu ga matoyan tama nan a tsaye, shaidar cewa maƙeran ƙasar nan sun iya fitar da ƙarfe daga dutse tun kafin zuwan Turawa. Ɗan makarantar da ya ga waɗannan da idonsa ya sami darasin tarihi wanda allo da littafi ba za su ba shi ba. Gani ya kori ji.

ABIN DA KE CIKIN HAƊARI

Giwayen Yankari suna cikin manyan garkunan da suka rage a Nijeriya duka. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2006 ta sami fiye da 300. Bayan 'yan shekaru masu neman haure suka yi musu ɓarna mai yawa, duk da cewa an hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe tun 1989, har ƙiyasi ya sauko zuwa tsakanin 100 da 150. Waɗansu daga cikin masu gadin dajin sun rasa rayukansu a hannun mafarauta. A cikin 2014 Gwamnatin Jihar Bauchi ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare namun daji ta WCS, mai hedikwata a Amurka, aka horar da masu gadi, aka ƙarfafa sintiri, aka kuma ɗaura wa waɗansu giwaye na'ura a wuya wadda ke nuna inda suke ta tauraron ɗan'adam. Daga 2015 aka yi shekaru a jere ba a sami labarin an harbe giwa ba.

Al'amarin zaki ya fi wannan tsanani. Binciken da masana suka buga a 2014 ya nuna cewa zakunan da suka rage a Nijeriya ba su kai 50 ba, kuma a wuri biyu kaɗai ake samunsu, watau Yankari da dajin Kainji. Raƙumin dawa da kyarkeci kuwa tuni suka ƙare a Yankari. Wanda ke son ganin raƙumin dawa a Jihar Bauchi yau sai ya je gandun Sumu a Ƙaramar Hukumar Ganjuwa, inda aka kawo su tare da jakunan dawa daga ƙasar Namibiya a 2006. Abin da Allah ya ba ƙasa kyauta, ga shi sai da aka yi safararsa daga kudancin Afirka.

Har ila yau, akwai kukan maƙwabta wanda bai kamata a toshe masa kunne ba. Giwa ba ta san iyakar gandu ba. Idan ta faɗa gonar dawa ko masara da kaka, a dare ɗaya takan cinye wahalar shekara. Manomin da aka yi wa haka, aka kuma hana shi itace da farauta, ba zai ga amfanin dajin ba sai idan yana samun wani abu daga gare shi: aikin gadi ko jagora ga ɗansa, kasuwa ga zumarsa da kajinsa, rijiya da makaranta a ƙauyensu. Waɗannan duka suna rataye ne a kan zuwan baƙi. Haka nan makiyayin da burtali da makiyaya suka ƙure masa, lalle ne a nema masa mafita, in ana son ya daina kutsawa da shanu.

DARASIN SAMBISA

Kafin sunan Sambisa ya zama abin tsoro, gandun namun daji ne a Jihar Borno, mai masu gadi da masaukin baƙi. Da kulawa ta ja baya, hanyoyi suka mutu, ƙafar jama'a ta ɗauke, sai 'yan Boko Haram suka mai da shi mafaka, har aka kai 'yan matan Chibok can a 2014. Dajin Kamuku na ƙasar Birnin Gwari da dajin Rugu na Katsina su ma sun zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu satar mutane. Dajin da hukuma ta juya wa baya, jama'a kuma suka daina zuwa, ba ya zama babu kowa. Wani ne zai shige shi. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Bisa ga haka, kowace motar da ta ratsa Inkil ta nufi Mainamaji tana da nata taimakon. Kuɗin ƙofa da na ɗaki suna taimakawa wajen tafiyar da gandun, zirga-zirgar baƙi tana sa a gyara hanya, idon jama'a kuma yana hana hukuma yin sakaci. Nauyin da ke kan gwamnati shi ne ta biya masu gadi a kan kari, ta ba su kayan aiki, ta gyara ɗakuna da hanyoyi, ta kuma sassauta kuɗin shiga ga ɗalibai da talakawan jihar. Shugabannin makarantu, na boko da na Islamiyya, za su iya shirya wa yara ziyara ko da sau ɗaya a shekara. Ƙungiyoyin unguwa da na 'yan kasuwa su ma za su iya haɗa kuɗi su ɗauki shatar mota, a tashi da asuba a dawo kafin magariba. Sai dai ya kyautu a tuntuɓi ofishin gandun kafin a tashi, domin a san halin hanya da kuɗin da ake biya a lokacin.

Yaron Inkil da ya taɓa tsayawa a fadamar Gaji ya ga giwa ta sa hanci a ruwa, ba zai manta ba har ya tsufa. Idan ya girma ya zama manomi, ko ɗan majalisa, ko kwamishina, da wuya ya yi shiru yana kallo a sare dajin a yi gawayi da shi. Allah ya kiyaye wannan dukiya, ya ba masu tsaronta lada.