Allon zamiya: abin da ya kamata mai koyo ya sani kafin ya fitar da kuɗinsa

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Kano ko Kaduna ko Jos zai tuna motar boris: guntun falanki, boris uku ko huɗu da aka roƙo a garejin makanike, sai a nemi gangara a yi ta tura juna har a ji kiran magariba. Allon zamiya da ake gani yanzu a ƙafar matasa a Gwarimpa da Jabi da Wuse, musamman da yammacin Asabar, ɗan'uwan waccan motar ne, sai dai shi a tsaye ake hawansa, kuma da dala ake sayo kayansa. Wannan na biyun shi ya sa maganar ta shafi aljihun ma'aikaci. Yaro zai gani a waya, ya matsa wa mahaifinsa, mahaifin kuma ya shiga kanti ya ɗauki na farko da idonsa ya faɗa a kai.

Ni ma haka na yi. Na saya wa ɗan ƙanwata wani allo mai zanen ban sha'awa a wani babban kanti, ina ganin na yi arha. Tayoyinsa na roba ne mai tauri kamar murfin bokiti, ƙarafansa kuma ba sa karkata ko da an danne su da dukkan nauyi. A mako na biyu wata tsakuwa da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba ta tsayar da tayar gaba cak, allon ya tsaya, yaron ya wuce. Mun yi sa'a abin ya tsaya a gurɗewar hannu, amma kuɗin hoton ƙashi ya haura kuɗin allon. Daga nan na zauna na koyi yadda ake harhaɗa abin.

Wasan ya samo asali ne a jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1950, inda masu hawan igiyar ruwa suka nemi abin yi a ranakun da teku ta kwanta. Tayoyin farko na ƙarfe ne, daga baya aka koma na yumɓu, kuma dukansu suna da ciwon da allon ɗan ƙanwata ya nuna. Abin da ya sauya wasan shi ne tayar roba ta foliyuritan da Frank Nasworthy ya fito da ita a farkon shekarun 1970, wadda ke kama ƙasa, tana kuma haɗiye ƙananan gargada. Yau wasan yana cikin gasar Olamfik, tun wasannin Tokyo da aka yi a 2021, kuma a Legas kamfanin Wafflesncream ya daɗe yana tara matasa masu yinsa.

Sai dai allon da ake gasa da shi daban, wanda mai koyo ke bukata daban. Na gasar an ƙera shi ne domin tsalle da juyi a kan siminti mai santsi. Wanda muke magana a kansa shi ne allon yawo, da masu sayarwa ke kira kuruza: wanda ake hawa a zaga unguwa, a motsa jini, a je sayen burodi a dawo. Ana samunsa a harhaɗe, kuma idan na kamfanin da ya san aikinsa ne babu laifi. Amma wanda ya zaɓi kayan ɗaya bayan ɗaya ya fi sanin abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa, kuma ranar da wani abu ya lalace shi kaɗai zai canza.

A fara da taya

Yawancin mutane da katakon suke farawa, domin shi ke da zane. A titunanmu taya ce ya kamata a fara dubawa. Lambobi biyu ake rubutawa a jikinta. Ta farko girmanta ne da milimita, ta biyu kuma taurinta, lamba ce da harafin A a bayanta. Masu tsalle-tsalle suna amfani da taya mai milimita 52 zuwa 54, mai taurin 99A ko fiye. Irin wannan a kan kwaltar cikin unguwa, ko a kan intalok da aka shimfiɗe harabar gidaje da shi, girgiza za ta yi ta yi har tafin ƙafa ya mutu, kuma kowace tsakuwa barazana ce. Allon yawo yana son taya mai laushi, daga 78A zuwa 87A, mai girman milimita 56 zuwa 65. Babbar taya mai laushi tana haye tsagar siminti da ƙananan duwatsu, ba ta da ƙara, kuma turi ɗaya yana kai mutum nesa. A ganina milimita 60 da 78A ita ce tsaka-tsakin da mai koyo ba zai yi da-na-sani a kanta ba.

Girman yana zuwa da matsalarsa. Idan mai hawa ya karkata domin shan kwana, gefen katakon yana saukowa kusa da taya, kuma idan tayar babba ce sai ta gogi katakon ta tsaya nan take, kamar an taka burki ba shiri. Maganinsa wani ɗan faifan roba ne da ake sakawa tsakanin katako da ƙarfen taya domin ƙara tsayi. Taya mai milimita 56 faifai mai kaurin kashi ɗaya cikin takwas na inci yakan ishe ta. Mai milimita 60 tana son rubu'in inci, wadda ta fi haka kuma a kai rabin inci. Kada a zarce bukata, domin duk tsayin da aka ƙara, ƙafar da ke turi za ta ƙara wahalar kai wa ƙasa.

Katako da ƙarafa

Katakon kirki falle bakwai ne na icen mafal, wanda ake samu a Kanada da arewacin Amurka, aka manne su aka matse. Faɗi ne abin lura. Ga babban mutum, inci 8.5 zuwa 9 yana ba ƙafa wurin zama, tsawo kuma inci 28 zuwa 32. A tabbatar bayansa ya ɗan ɗaga sama, domin da wannan wutsiyar ake ɗaga gaban allon a haye bakin kwalbati ko a juya a ƙuntataccen wuri. Ƙananan alluna na roba irin na kamfanin Penny na Ostareliya, masu inci 22, suna da kyan gani kuma suna shiga jaka, shi ya sa iyaye ke son su. Ban ba mai koyo shawarar farawa da su ba. Ƙafa biyu na babban mutum da ƙyar suke samun wuri a kai, kuma gajeren allo ya fi saurin kufcewa.

Ƙarafan nan biyu da ke ɗauke da tayoyi, waɗanda 'yan wasan ke kira tarak, su ne sitiyarin allon. Kowanne yana da gindi da ake ɗaurewa a katako, da hannu mai ɗauke da aksul, da babban ƙusa a tsakiya wanda ya ratsa bushin biyu na roba. Idan mutum ya jingina nauyinsa gefe guda, bushin ɗin ya matsu, aksul ya juya, allon ya sha kwana. Ƙa'idar zaɓe guda ce: tsawon aksul ya yi daidai da faɗin katako, ko bambancin kada ya wuce rubu'in inci. Kamfanoni suna rikita mai saye da lambobinsu, domin kowanne da irin ƙidayarsa. A wurin Independent, alal misali, lamba 139 ta katako mai inci 8 ce, 149 ta mai inci 8.5, 159 kuma ta mai inci 8.75. Maimakon haddace lambobi, a tambayi mai sayarwa tsawon aksul da inci. A nan ne bai kamata a yi tsumulmula ba: katako yana tsufa, taya tana cinyewa, amma tarak mai kyau yakan ga bayan katako uku ko huɗu.

Boris kuwa ba abin ɗaga hankali ba ne. Girmansa ɗaya ne a duk duniya, lamba 608, biyu a kowace taya, takwas ke nan. Lambar ABEC da ake bugawa a kwali, 5 ko 7 ko 9, ma'auni ne na masana'antu da aka tsara domin injuna masu gudun da allo ba zai taɓa kaiwa ba, saboda haka biyan ƙarin kuɗi dominta asara ce. Abin da ya fi amfani a garin da hunturu ke baɗe komai da ƙura shi ne boris mai murfin roba da ake iya ɓallewa a wanke. Bones Reds ya yi suna wajen arha da ƙarko, sai dai sunan ya jawo masa jabu, a kula da inda aka saya.

Saura ƙananan kaya: takardar kamun ƙafa mai kama da samfefa, wadda yawanci ke zuwa da faɗin inci 9 da tsawon inci 33, da ƙusoshi takwas da notinansu. Tsawon ƙusa yana bin kaurin faifan ƙarin tsayi. Idan babu faifai, inci ɗaya ya isa. Da faifan rubu'in inci sai a nemi inci ɗaya da rubu'i, da na rabin inci kuma inci ɗaya da rabi. Mutane da dama sun yi odar komai daga waje, suka jira makonni, kaya suka iso, sannan aka tarar ƙusa ba ta kai noti ba. Tunda kuɗin jigila da na kwastan sukan kusa kamo kuɗin ƙaramin kaya, gara a lissafa komai a takarda a yi oda sau ɗaya, ko a ba mai dawowa daga tafiya saƙo.

Harhaɗawa

Aikin bai wuce awa guda ba. Ana bukatar reza sabuwa, da sukurudireba, da sifana uku: mai kashi uku cikin takwas na inci domin notin gindi, mai rabin inci domin notin aksul, da mai kashi tara cikin sha shida domin babban ƙusa. Akwai ɗan maɓalli mai siffar harafin T da ya haɗa dukansu, kuma ya cancanci kuɗinsa, domin sifanun da ke akwatin mota na milimita ne, suna iya cinye kan noti.

A ɓare takardar a shimfiɗa ta a kan katako daga tsakiya zuwa baki, ana dannawa a hankali domin iska ta fita. A goga jikin sukurudireba a gefen katakon har farin layi ya fito, sannan a bi layin da reza daga ƙasa, ana jan ta a karkace. Guntun da ya rage a goge bakin da shi, kada ya ɓamɓare. A huda ramuka takwas, a zura ƙusoshi daga sama, a sa faifai, a ɗora tarak. A nan ne kuskuren da ya fi yawa yake: manyan ƙusoshin tarak biyun su fuskanci juna, wato su kalli tsakiyar allon. Idan aka juya su waje, mutum zai karkata dama allon ya nufi hagu. A ɗaure notin a gicciye kamar yadda ake ɗaure tayar mota, har kan ƙusa ya yi daidai da takarda, ba tare da ya nutse cikin katako ba.

Sa boris a taya ba ya bukatar guduma. A kwantar da allon a gefe, a zura boris a aksul, a ɗora taya a danna da tafin hannu har ya shige, a juya a yi wa ɗaya gefen haka, tare da ɗan bututun ƙarfe da ke zama tsakanin boris biyun. Washa ɗaya ciki, ɗaya waje, sai noti. A ɗaure har ya kama, sannan a ɗan sassauta yadda taya za ta juya sakayau ba tare da tana kaɗawa ba. Daga nan a hau a kan kafet ko ciyawa, a karkata iya ƙarfi kowane gefe. Idan taya ta taɓa katako, a ƙara ɗaure babban ƙusa kaɗan. Idan sai an matse bushin har ya kumbura kafin gogar ta daina, to bushin ya yi wa nauyin mai hawa laushi, a sayi mai tauri. Wannan ya shafi manya masu jiki musamman.

Inda za a hau

Akwai masu tunanin cewa tunda kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, allon zai iya zama abin hawa zuwa ofis. Ba zai kai kowa daga Kubwa ko Nyanya zuwa Sakatariyar Tarayya ba, kuma babbar hanya ba wurinsa ba ce ko kusa. Ba shi da burki, ba shi da fitila, direbobi kuma ba su saba ganinsa ba. Abuja gari ne mai tudu da gangara, kuma gangaren Maitama da Asokoro da ba a jin su a cikin mota suna iya kai allo gudun da zai fara rawa a ƙarƙashin ƙafa. Mai koyo ya nemi fili shimfiɗaɗɗe: harabar gida, layin da ba ya ɓullewa a cikin rukunin gidaje, ko wurin ajiye motoci da ya zama wayam ranar Lahadi, bayan an nemi izinin masu gadi.

Abin da za a fara koya shi ne tsayawa. A bar ƙafar gaba a kan allo tana kallon gaba, a sauke ta baya a hankali a ja tafin takalmi a ƙasa har gudu ya mutu. Wace ƙafa ce ta gaba, jiki ne ke faɗa: wadda mutum ya fara jefawa idan aka ɗan ture shi daga baya. Hular kwano ba ta da madadi, haka ma abin kare wuyan hannu, domin hannu ne mutum ke fara kai wa ƙasa idan ya faɗi. Takalmi ya zama mai shimfiɗaɗɗen ƙasa na roba. Silifas da doguwar riga mai jan ƙasa a ajiye su sai an sauka.

Da damina a bar allon a ɗaki idan ƙasa ta jiƙe, domin ruwa yana kumbura katako, yana sa boris tsatsa, taya mai laushi kuma tana sulɓi a jiƙaƙƙiyar kwalta. Kada a bar shi a but ɗin mota a zafin watan Maris, katakon yana iya lanƙwashewa. Da hunturu kuwa, idan taya ta fara kuka ko ta daina juyawa da daɗewa, a ɓalle murfin boris da bakin allura, a wanke da sifirit, a bari ya bushe sarai, a ɗiga man keken ɗinki ɗigo biyu a mayar.