Hajar Da Ke Ƙara Kuɗi Da Tsufa: Labarin Tsofaffin Wuƙaƙen Yaƙi Da Maƙeransu

 Yau mun ɗan aje maganar farashin gero da dawa, mun ɗauko muku labarin wata haja wadda lissafinta ya saɓa wa namu. Mu a harkar hatsi, buhu in ya daɗe a sito sai fargabar ƙwari da ragin mudu. To, a ƙasar Amurka akwai kasuwar tsofaffin wuƙaƙen yaƙi ƙirar hannu, inda tsohuwa mai tabo a jiki kan ninka sabuwa kuɗi. Masu sayensu ba yanka suke yi da su ba, tarawa suke yi su ajiye. Abin da suke biya wa kuɗi kuwa shi ne sunan maƙeri, da tabbacin cewa daga maƙerarsa ta fito.

Ku sani maƙeran nan suna da silsila kamar ta malamai, sai dai su wuƙa ce ke karantar da na baya. Na farko shi ne William Scagel, wani dattijo mazaunin jihar Mishigan, wanda ya rasu a 1963. Shi kaɗai yake ƙirarsa, yakan haɗa fata da ƙahon barewa ya yi ƙota. Da yake hannu ɗaya ne ya ƙera su, ba su da yawa, shi ya sa yau ta gaske takan kai dubban daloli a wurin gwanjo.

A shekarar 1937 wani mai kula da gonakin lemo na gidansu a jihar Fulorida, ana ce masa Bo Randall, ya je hutu Mishigan. A bakin wani tafki ya tarar da mutum yana kankare jikin jirgin ruwa da wuƙar Scagel, aikin da ke dakushe kowace wuƙa, amma ita ko gezau. Sai ya saye ta, ya koma gida ya sami sifirin ɗin tsohuwar mota ya ƙera irinta. A 1938 ya fara sayarwa a garin Orlando. Da yaƙin duniya na biyu ya kankama, ya fito da wuƙar faɗa wadda aka sani da lamba 1. Labarinta ya bazu a bakin soja, har wasu sukan rubuto wasiƙa ba adireshi, sai su sa mai wuƙa, Orlando, kuma ta iso hannunsa. To, kun ji inda suna ya yi wa mutum aikin dillali.

Daga baya ya yi lamba 14, ya yi lamba 18 mai rami a cikin ƙota, wadda sojojin Amurka suka riƙa saye da kuɗinsu a yaƙin Biyetnam. Ya kuma ƙera lamba 17 don 'yan sama jannati na farko na ƙasar. Ɗaya daga cikinsu tana cikin kumbon Gus Grissom da ya nutse a teku a 1961. Da aka tsamo kumbon a 1999, bayan shekara 38 a ƙarƙashin ruwan gishiri, sai ga wuƙar a ciki. Randall ya rasu a 1989, iyalinsa suka ci gaba da sana'ar, mai son sabuwa kuwa sai ya yi jiran shekaru kafin layi ya zo kansa.

Wannan jira shi ya haifar da na uku. A 1953 wani matashi ma'aikacin jirgin ruwa, Bob Loveless, ya shiga kantin Abercrombie & Fitch a birnin Niyok don ya sayi Randall, aka ce masa sai ya jira wata 9. Ya ƙi jira. Ya nemi sifirin ɗin mota Packard a wurin 'yan gwangwan, ya ƙera tasa, ya kai wa kantin nan, suka gani suka yaba, suka ce ya kawo ƙari. Shi ne daga baya ya shiga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar maƙeran wuƙa a 1970, ya rasu a 2010.

To, yanzu ga inda maganar ta shafi dillali. Duk hajar da suna ke ɗaga mata kuɗi, 'yan jabu ba sa barinta. Saboda haka masana wannan kasuwa ba sa cinikin biri a sama, abu huɗu suke dubawa.

Na ɗaya, hatimi. Randall yana buga sunansa da na garin Orlando a gindin ruwan wuƙa, tsakanin wasu 'yan takubba biyu. Amma akwai waɗanda aka yi a zamanin yaƙi a garin Springfield da sunansa, akwai kuma waɗanda aka ƙero ruwansu a Solingen ta Jamus, kowacce da rubutunta, kowacce da farashinta. Loveless kuwa na farkonsa suna ɗauke da Delaware Maid, sannan ya koma Kalifoniya ya riƙa sa Lawndale, daga ƙarshe Riverside. Wanda ya san wannan jeri, da ganin hatimi ya san zamani.

Na biyu, kube. Badukun da suka yi wa Randall kube sun sāke da zamani, akwai Heiser, akwai Johnson a bayansa. Kuben yana da ɗan aljihu na dutsen wasa wuƙa, har launin dutsen nan shaida ne. In aka ce wuƙa ta zamanin yaƙin duniya ce, kube kuwa na baya ne, to an yi mata aron riga, kuɗinta ya sauka.

Na uku, jiki. A nan ne wanda bai san hajar ba yake yi wa kansa asara. Sai ya ga tsohuwa ta yi duhu, ya sa takardar yashi ya goge ta don ta yi kyau a ido. Da ya goge, ya share shaidar tsufa, wani lokaci har da hatimin. Masu tarawa sun fi son ta da tabonta, da tsohuwar zuma ake magani.

Na huɗu, isnadi. Wa ya fara sayenta, a wane fage ya riƙe ta, daga hannun wa ta iso hannun wa? Wuƙar da aka zana sunan sojan da ya mallake ta, ga wasiƙa ko hoto yana rataye da ita, ta fi 'yar'uwarta marar labari nesa ba kusa ba. Amma labarin baki kaɗai ba ya ƙara ko kwabo, sai da shaida.

Mu ma nan abin bai bar mu ba. Tsofaffin takubban Buzaye da na gidajen sarauta suna da masu nemansu a ƙasashen waje, wasunsu ruwansu daga Turai ya ƙetaro hamada da tambarinsa, wasu kuma maƙeran gida ne suka kwaikwayi tambarin. Saboda haka in irin wannan ta faɗo hannunku a dillanci, kada ku goge, kada ku raba ta da kubenta, ku tambayi mai ita asalinta, ku rubuta ku aje tare da ita. Abin da ba ku tabbatar ba kuwa kada ku ɗora mata don neman la'ada, gama mai saye in ya gane sau ɗaya, ba zai sāke tsayawa a rumfarku ba.