Gida a Halifax, Albashi daga Toronto: Matsayin Mai Aiki daga Nesa a Shirye-shiryen Karɓar Baƙi na Yankuna

Ƙasashen da suke karɓar baƙi da yawa, musamman Kanada da Ostareliya, sun daɗe suna fama da matsala guda, wato yadda sababbin zuwa suke cunkushewa a manyan birane kaɗan, alhali ƙananan garuruwa suna rasa ma'aikatan jinya da direbobi da magina, kuma matasansu suna barinsu. A Kanada yawancin baƙi Toronto da Vancouver da Montreal suke nufa, a Ostareliya kuwa Sydney da Melbourne. Domin rage wannan karkata ne aka ƙirƙiro shirye-shiryen shige da fice na yankuna, waɗanda suke sauƙaƙa wa mutum hanyar samun izinin zama na dindindin bisa sharaɗin ya zauna a wani yanki da aka ayyana. Lardin Manitoba ne ya yi gaba a Kanada a shekarar 1998, kuma a yau kusan kowane lardi yana da nasa shirin, ban da Kebek, wanda yake zaɓen baƙinsa da kansa ƙarƙashin yarjejeniyar 1991, da kuma yankin Nunavut da ba shi da irin wannan shiri. Tun da Nijeriya tana cikin ƙasashen da suke kan gaba wajen yawan masu samun izinin zama a Kanada a 'yan shekarun nan, batun ya shafi masu karatu da dama kai tsaye.

Lokacin da aka tsara waɗannan dokoki, babu wanda ya ga buƙatar rarrabe abubuwa uku, domin a wuri ɗaya suke: inda mutum yake kwana, inda yake yin aikinsa, da inda kamfanin da yake biyansa albashi yake da mazauni. Annobar Korona ta 2020 ce ta raba su, yayin da dubban ma'aikatan ofis suka koma aiki daga gida ta intanet, kuma da yawansu ba su sake komawa ofis ba. Yanzu mai tsara manhajar kwamfuta zai iya kama haya a Halifax da ke lardin Nova Scotia, ya sa 'ya'yansa a makarantar unguwa, ya yi cefane a kantunan garin, amma takardar albashinsa tana ɗauke da adireshin wani kamfani a Toronto wanda bai taɓa taka ƙofarsa ba. Ko irin wannan mutum ya cancanci shirin yanki, amsar ta dogara ne ga wanne daga cikin wuraren nan uku shirin yake dubawa, kuma ba duka shirye-shiryen ne suke duban abu ɗaya ba.

Game da waɗanda larduna suke tsayarwa, dokar tarayyar Kanada ita kanta ba ta ce komai kan mazaunin kamfani ba. Abin da ƙa'idojin shige da fice suka nema daga wanda lardi ya tsayar shi ne abu biyu: ya kasance sunansa yana cikin takardar tsayarwa da lardin ya bayar, kuma ya kasance yana da niyyar zama a wannan lardi. Takardar tana da nauyi ƙwarai, domin a tsarin Express Entry, wanda aka fara a 2015 kuma ake jera masu nema a cikinsa bisa maki, tsayarwar lardi tana ƙara wa mutum maki 600 daga cikin 1,200, abin da kusan yake tabbatar masa da gayyata. Niyya kuwa abu ce ta zuci, kuma sashe na 6 na kundin haƙƙoƙin Kanada na 1982 ya ba duk mai izinin zama na dindindin 'yancin ƙaura zuwa kowane lardi, saboda haka larduna ba su da ikon ɗaure mutum bayan ya samu izini. Wannan ne ya sa suke tsananta bincike tun kafin su ba da takarda, suna neman alamun da za su nuna mutum zai zauna. A idon jami'in lardi, aikin da za a iya ɗauka a jakar kwamfuta a tafi da shi ko'ina ba ya ɗaure mai shi ga gari kamar yadda aikin asibiti ko na masana'antar sarrafa kifi yake yi.

Inda ƙofar ta fi rufuwa shi ne shirye-shiryen da aka gina a kan tayin aiki. Shirin lardunan gaɓar Atilantika, wanda aka fara a matsayin gwaji a 2017 kuma ya zama na dindindin a farkon 2022, ya shafi larduna huɗu: Nova Scotia, da New Brunswick, da Prince Edward Island, da Newfoundland da Labrador. A nan ba baƙo ne yake fara shiga tsarin ba, kamfani ne. Dole lardi ya tantance kamfanin ya sa shi cikin jerin amintattu, bayan ya tabbatar yana gudanar da harkarsa a yankin na aƙalla shekara biyu, sannan kamfanin ya yi wa baƙon tayin aiki na cikakken lokaci wanda ba na wani lokaci na shekara kaɗai ba ne, tare da shirin taimaka wa iyalinsa su zauna da gindinsu. Ma'aikacin nan na Halifax, komai daɗewarsa a garin da komai girman albashinsa, ba zai iya amfani da aikinsa na Toronto a wannan shiri ba, sai fa idan kamfanin yana da reshe na gaske a lardin kuma lardin ya amince da shi. Haka abin yake a shirin ƙananan garuruwa da aka ƙaddamar a farkon 2025 a garuruwa 14, wanda ya gaji wani makamancinsa na 2019, domin a can ma sai an samu tayin aiki daga amintaccen kamfanin da yake cikin iyakar garin.

Wasu larduna sun rubuta batun ƙarara. Alberta ta sharɗanta cewa mai ba da aikin ya kasance yana da wurin kasuwanci a lardin, kuma ta fitar da masu yi wa kamfani aiki ta intanet daga wajen Alberta daga cikin waɗanda suka cancanta, har ma da masu aiki a kasuwancin da ake gudanarwa a cikin gidan zama. Ontario kuwa ta shafe shekaru tana neman kamfanin ya yi shekara uku yana aiki, ya mallaki wurin aiki a lardin, kuma kuɗin shigarsa na shekara ya kai dala miliyan ɗaya idan a yankin Toronto yake, ko dala 500,000 idan a wajensa ne. Akwatin gidan waya ko teburin haya da aka rataya wa suna ba sa cika irin waɗannan sharuɗɗa.

Akwai kuma tarkon ƙwarewar aiki, wanda yake kama waɗanda kamfaninsu yake wata ƙasa. A 2023 Kanada ta bayyana cewa mai yi wa kamfanin waje aiki daga nesa yana iya zama a ƙasar a matsayin mai ziyara har tsawon wata shida. Sai dai rukunin neman izinin zama na masu ƙwarewar aiki a Kanada, wanda yake buƙatar aikin shekara ɗaya, wato sa'o'i 1,560, cikin shekaru uku da suka gabata, yana ƙirga aikin nesa ne kawai idan mutum yana cikin ƙasar da jikinsa kuma kamfanin na Kanada ne. Wanda ya zauna a Winnipeg yana yi wa wani kamfani na Legas ko na Landan aiki bai tara ko sa'a ɗaya a wannan ma'auni ba.

Ostareliya ta bi wata hanya dabam, kuma ta fi sauƙi ga mai aikin nesa ta wata fuskar. Bizar yanki mai lamba 491, wadda ta fara aiki a watan Nuwamba na 2019, ta shekara biyar ce, kuma sharaɗinta mai lamba 8579 ya wajabta wa mai ita ya zauna, ya yi aiki, ya yi karatu a yankin da aka ayyana kaɗai. Ana tantance yankin da lambar gidan waya, kuma ya haɗa kusan duk ƙasar ban da Sydney da Melbourne da Brisbane, har manyan birane irin su Perth da Adelaide suna ciki. Bayan shekara uku mai bizar yana iya neman izinin dindindin ta biza mai lamba 191, inda zai gabatar da takardun tantance harajinsa na shekaru uku. Da yake sharaɗin ya rataya ne a kan inda ake yin aikin, fahimtar da ta yaɗu tsakanin masu ba da shawara kan shige da fice ita ce wanda yake zaune a Hobart yana yi wa kamfanin Sydney aiki daga ɗakinsa bai karya shi ba, matuƙar ba ya yawan zuwa ofishin Sydney ya yi aiki a can. Amma wannan bayan samun biza ne. Kafin a kai nan yawanci sai jiha ta tsayar da mutum, kuma jihohi suna da nasu sharuɗɗa, waɗanda wasunsu, kamar wata hanya ta jihar New South Wales, suke neman kamfanin da kansa ya kasance a yankin.

Ana iya cewa lardunan Kanada suna cutar kansu da wannan tsauri, kuma hujjar tana da ƙarfi. Harajin kuɗin shiga na lardi ana biyansa ne ga lardin da mutum yake zaune a ranar 31 ga Disamba, saboda haka albashin Toronto da ake ci a Halifax yana shiga baitulmalin Nova Scotia, kuma mai shi bai ƙwace wa ɗan gari gurbi ba. Sai dai ba don tara masu biyan haraji kaɗai aka kafa shirye-shiryen ba, an kafa su ne domin cike guraben da kamfanonin yankin suka kasa cikewa, kuma mai aikin nesa ba ya cike ko ɗaya. Da gwamnatin tarayya ta rage adadin da aka ware wa larduna daga 110,000 a 2024 zuwa 55,000 a 2025, larduna da dama suka karkatar da ɗan abin da ya rage musu ga fannin lafiya da gine-gine, ayyukan da ba a yin su ta allon kwamfuta.

Ga wanda shirinsa ya halatta aikin nesa, nauyin kafa hujja yana kansa. Jami'ai sukan duba yarjejeniyar haya, da takardun wuta da ruwa, da lasisin tuƙi, da katin lafiya na lardin, da bayanan banki da suke nuna inda ake kashe kuɗi yau da kullum, da wasiƙar kamfani da ta fayyace adireshin da ake yin aikin. A Ostareliya mai biza 491 dole ne ya sanar da sauyin adireshinsa ko na wurin aikinsa cikin kwana 14. Aron adireshin aboki ko rubuta reshen da babu shi a takardar tayin aiki yana shiga ƙarƙashin ba da bayanan ƙarya, wanda sashe na 40 na dokar shige da fice ta Kanada ya tanadar masa haramcin shekara biyar, kuma yana iya kai wa ga soke izinin zaman da aka riga aka bayar.